Muhawara: taswirar maganaɗisun duniya, yadda ake zana ta da yadda take tsufa

Ɗalibin Jiyoloji: Assalamu alaikum malamai. A gefen tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya, irin na shekarun 1960, akwai ɗan zane mai kibiya uku, da rubutun cewa allurar kamfas ta karkata digiri kaza zuwa yamma a shekara kaza, kuma karkatar tana raguwa da minti kaza duk shekara. Ya halatta mutum ya ninka wannan adadi da shekara sittin ya fitar da karkatar yau? In bai halatta ba, ina ake samun ta gaskiya, kuma su wa ke aunawa?

Dattijon Safiyo: Wa alaikumus salam. Kada ka ninka, ɗana. Wancan adadi an rubuta shi ne ya yi aiki shekara biyar, in an matsa goma, domin saurin canjin shi kansa ba tsaye yake ba. Dubi Landan, inda aka daɗe ana awo. A 1580 allura tana kallon kusan digiri 11 gabas da arewa ta gaskiya, a 1622 ta dawo 6, a 1634 ta dawo 4, abin da ya sa Henry Gellibrand ya gane cewa tafiya take yi. Wajen 1660 ta taka sifili, ta zarce yamma har kusan digiri 24 wajen 1820, sannan ta juyo. Duk wanda ya riƙe adadin 1780 ya yi ta ninkawa, to bayan ƙarni ɗaya ya yi hannun riga da gaskiya.

Kibiyoyin nan uku kuma kada ka cakuɗa su. Ɗaya arewa ta gaskiya ce, inda duniya ke juyawa a kai. Ɗaya arewar layukan taswira ce. Ta uku arewar kamfas. Tazarar biyun farko lissafi ne tsantsa, ba ta canzawa: ka ɗauki nisanka daga layin tsakiyar shiyyarka a digiri, ka ninka da sayin (sine na lissafin kusurwa) na latitud. Najeriya tana cikin shiyyoyi 31, 32 da 33 na UTM, wato tsarin layukan taswira na duniya, layukan tsakiyarsu digiri 3, 9 da 15 gabas. A Kano tazarar kusan digiri 0.1 ce, a Sakkwato kusan rabin digiri. Ta ukun ce mai yawo. A shekarun nan layin sifili, inda kamfas ke kallon arewa ta gaskiya daidai, yana ratsa yankinmu, shi ya sa a ƙasar Hausa karkatar ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba, alhali lokacin da aka buga waɗancan taswirori digirori ne da dama zuwa yamma. Kuskuren digiri ɗaya a tafiyar kilomita ɗaya mita 17.5 ne. A rikicin iyakar gona wannan ya isa a kai mutane gaban alƙali.

Malama Jiyofizik: Baba ya gama da rabin farko. Inda ake samun ta yau kuwa, lissafi biyu na maganaɗisun duniya ne ake dogaro da su. IGRF, wanda ƙungiyar masana ta IAGA ke fitarwa duk shekara biyar, yana komawa baya har 1900, kuma fitowa ta 14 ta zo a ƙarshen 2024. Sai WMM, na hukumar NOAA ta Amurka da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, shi ne na jirage da jiragen ruwa da wayoyin hannu, sabon ya fito Disamba 2024, zai yi aiki har ƙarshen 2029. Duka biyun suna da shafin lissafi kyauta a intanet. Kana ba shi latitud, longitud, tsayi da kwanan wata, ya ba ka karkata, da sunkuyon allura, da jimillar ƙarfi a nanotesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, da canjin kowanne a shekara.

Ɗalibi, ga inda ake faɗuwa. Wani shafin kilomita yake nema a wurin tsayi, a rubuta masa 480 da nufin mita, sai ya ba da ƙarfin da tauraron ɗan'adam zai ji. Karkata zuwa yamma da alamar ragi take fitowa, gabas da alamar ƙari. Sannan 0°30′ rabin digiri ne, ba 0.30 ba.

Ɗalibin Jiyoloji: Na gode Malama. Amma ta yaya 'yan lambobi za su wakilci duniya gaba ɗaya?

Mai Lissafi: Dabarar Gauss ce ta 1839. Ana rubuta ƙarfin a matsayin jimillar siffofi masu hawa-hawa. Hawa na ɗaya maganaɗisu guda ne mai kai biyu a tsakiyar duniya, a karkace da kusan digiri 9 daga sandar juyawarta. Hawa na biyu ya fi shi ƙananan lanƙwasa, haka har sama. Girman abin da hawa zai iya nunawa kusan kilomita 40,000 ne a raba da lambar hawan. IGRF yana tsayawa a hawa na 13, lambobi 195, wato ba ya ganin abin da bai kai kilomita 3,000 ba. WMM yana tsayawa a 12, lambobi 168. Akwai sabon WMM mai kaifi da ya kai hawa na 133, kusan kilomita 300.

Dalilin tsayawa a 13 ba lalaci ba ne. Daga wajen hawa na 14 zuwa sama, maganaɗisun duwatsun ɓawon ƙasa ya danne na can ciki, ba a iya raba su. Lambar farko, wadda ta fi kowace girma, a 1900 kusan 31,540 ce, a 2025 ta dawo kusan 29,350. Ragin kashi 7 cikin ɗari ke nan a shekara 125.

Malama Jiyofizik: A nan ya kamata a fahimci cewa duk abin da na'ura ta karanta, abu uku ne a haɗe. Fiye da kashi 95 cikin ɗari daga narkakken ƙarfen cikin duniya yake, wanda ya fara daga zurfin kilomita 2,890 zuwa 5,150. Ƙarfen yana motsi, kilomita goma da ɗoriya a shekara, juyawar duniya tana murɗa shi, motsin yana haifar da lantarki, lantarkin yana haifar da maganaɗisu. Ba wani dunƙulen maganaɗisu ba ne a ciki, domin ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa in zafi ya wuce digiri 770, can kuwa dubbai ne. Na biyu duwatsun sama, mafi yawa saboda ma'adinin magnetayit, wanda shi kuma yake sakin nasa a wajen digiri 580. Na uku lantarkin sararin sama da rana ke tayarwa. Na farko yana canzawa a shekaru, na biyu kusan ba ya motsi, na uku a cikin mintuna. Mai neman ma'adinai na biyu yake so, sauran biyun shara ne a wurinsa. Mai gina IGRF kuma na farko yake so. Rabin aikin fannin nan cire abin da ba ka so ne.

Injiniyan Ma'adinai: Bari in shigo da abin da littattafan Turai ba sa damuwa da shi. Ikwaitar maganaɗisu, wato layin da allura ke kwanciya daidai ba ta sunkuya ko'ina, ta arewacin Najeriya ta ratsa, wajen digiri 10 zuwa 12 arewa. Ba ita ce ikwaitar taswira ba. A Landan allura tana sunkuyawa kusan digiri 66, a Kano da Zariya kusa da sifili. Jimillar ƙarfin a nan wajen nanotesla 33,000 zuwa 34,000 ne, a kusa da ƙarshen duniya na arewa da kudu ya haura 60,000.

Abu na farko da wannan ke jawowa: kamfas ɗin da aka ƙera don Turai an ɗora wa wutsiyar allurarsa nauyi don ta rama sunkuyon can. A kawo shi nan, babu sunkuyon da za a rama, sai wutsiyar ta yi ƙasa tana gogar gindin akwatin, ta maƙale. Masu ƙera kamfas sun raba duniya shiyya-shiyya saboda haka. A nemi na shiyyar ikwaita ko wanda aka yi wa allura ta ko'ina.

Na biyu ya fi tsanani. A Turai ko Kanada, dutse mai maganaɗisu yana fitowa a taswira a matsayin tudu, kusan a kansa. A nan akasin haka ne: kai tsaye a kan dutsen rami za ka gani, da ƙananan tudu biyu arewa da kudu da shi, kuma siffar a miƙe gabas da yamma. Ɗalibai da yawa suna zagaye jan wuri a taswira, inda karatu ya yi sama, su ce ga ƙarfe, alhali shuɗin da ke gefe shi ne abin.

Mai Lissafi: Injiniya, ai akwai lissafin da ke mayar da bayanan tamkar a ƙarshen duniya na arewa aka ɗauke su, tudun ya dawo kan dutsen.

Injiniyan Ma'adinai: Akwai, Malam, amma a nan shi ne tarkon. A cikin lissafin akwai rabawa da adadin da ke tafiya sifili idan sunkuyo ya yi ƙasa, ga duk siffar da ta miƙe arewa da kudu. Sakamakon shi ne zane-zanen ƙarya dogaye daga arewa zuwa kudu, hayaniyar na'ura ce aka kumbura. Ƙasa da digiri 15 zuwa 20 na sunkuyo ban yarda da shi ba. Ko a mayar da bayanan zuwa ikwaita, ko a yi amfani da siginar nazari, wadda ke haɗa saurin canjin ƙarfi ta fuska uku ta ba da tudu a gefunan dutsen.

Mai Lissafi: Ban ƙi ba, amma ana sa masa birki, a ba shi sunkuyo na biyu mai girma don daidaita kumburin. Siginar nazari ma ba tsarkakakkiya ba ce. Rashin damuwarta da alkiblar maganaɗisu gaskiya ne ga dogon jiki mai fuska biyu kawai, ga dunƙulallen jiki tana damuwa. Kuma tana danne abin da ke zurfi.

Injiniyan Ma'adinai: Birkin yana rage zanen, yana kuma rage gaskiyar tare da shi. Ni shawarata a buga duka ukun a jera su, abin da ya bayyana a ɗaya kaɗai a yi masa kallon zargi. Akwai kuma abin da babu lissafin da zai gyara. Dogon jijiyar dutse da ta miƙe arewa da kudu a ikwaitar maganaɗisu kusan ba ta ba da alama, domin ƙarfin yana bin tsawonta ne, ba ya ƙetare gefunanta, sai a ƙarshenta ko inda ta karye. Duwatsun da ake samun zinariya a cikinsu a Anka, Maru da Birnin Gwari kuwa kusan haka suka miƙe, arewa maso gabas kaɗan. Wannan ke sa taswirar ta fi nuna tsagogin da suka gitta su. A kuma sani, na'urar nan ba ta ganin zinariya ko ruwa. Tsarin dutse take nunawa. Ƙarfen Itakpe da zobban duwatsun Filato har zuwa Ayar a Nijar, waɗannan suna fitowa ƙarara.

Ɗalibin Jiyoloji: To in aikin ƙasa ne da ƙafa, mene ne tsarin?

Malama Jiyofizik: Na'urar da aka fi samu ita ce ta furoton. Kwalba ce mai kananzir ko wani ruwa mai yawan haidirojin, an naɗe ta da waya. Ana sakar mata lantarki daƙiƙa biyu ko uku, a yanke, furoton ɗin, wato ƙananan ƙwayoyin cikin haidirojin, su yi ta juyi a saurin da ya dogara da ƙarfin maganaɗisun wurin: 0.042577 has, wato juyi a daƙiƙa, ga kowace nanotesla. A 33,000 kusan has 1,405 ke nan. Kafin fita a saita na'urar kusa da ƙarfin yankin, in an bar ta a 50,000 na inda aka sayo ta siginar za ta yi rauni, lambobi su yi ta tsalle. Tsawon naɗin wayar kuma dole ya gitta ƙarfin. Tunda a nan ƙarfin a kwance yake yana kallon arewa, kwalbar ta tsaya a tsaye ko ta kalli gabas da yamma. Ta kalli arewa, babu sigina. Wata na'urar, ta siziyom, ta fi sauri da kaifi, amma tana da kusurwoyin da take makancewa, sai an karkata kanta wajen digiri 45 da ƙarfin.

Mai awo ya cire waya, makulli, agogo, bel mai ƙarfe, takalmi mai ƙarfe a baki. Kwalbar a kan sanda mita 2, tsayi ɗaya a duk tashoshi. Mota ta yi nisan mita 50. A rubuta duk rufin kwano, shingen waya, turken lantarki da bututun rijiyar burtsatse da aka wuce. Tasirin ƙaramin ƙarfe yana raguwa da nisa sau uku a ninke: ka ninka nisa biyu, ya ragu zuwa ɗaya bisa takwas. Wannan ne ma maganin marmara. Marmararmu tana ɗauke da ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu a sama-sama, tana sa karatu ya yi ta rawa tsakanin taku da taku. Ɗaga kwalbar zuwa mita 3 yana kashe yawancin rawar, dutsen da ke zurfin mita 50 kuwa bai san an yi ba.

Layukan awo su gitta tsarin dutsen. A maimaita karatu sau uku a tasha, in sun bambanta da fiye da nanotesla ɗaya ko biyu a duba dalili kafin a wuce.

Mai Duban Sama: Malama, ki ba ni dama in ƙara na sama, domin a yankinmu shi ke ɓata aiki fiye da marmara. A tsayin kilomita 100 zuwa 110, daidai saman ikwaitar maganaɗisu, akwai siririn kogin lantarki da ke gudu zuwa gabas da rana, faɗinsa kusan kilomita 600. An fara lura da tasirinsa a tashar Huancayo ta Peru da aka buɗe a 1922, Sydney Chapman ya raɗa masa suna ilektirojet a 1951, kuma Farfesa Cyril Onwumechili na Najeriya yana cikin waɗanda suka fi kowa nazarinsa. A ƙasashen da ke nesa da ikwaita, irin na Turai, canjin yini nanotesla 20 zuwa 50 ne. A ƙarƙashin wannan kogin yakan wuce 100, yana hawa daga hantsi, ya kai ƙololuwa wajen sha ɗaya zuwa sha biyu, ya sauka da la'asar. Wata rana ma ya juya baya. Wanda ke neman alamar nanotesla 20 ba tare da gyara wannan ba, kamar mai auna hatsi ne da mudun da ke kumbura da rana.

Gyaran shi ne na'ura biyu. Ɗaya a zaune wuri guda tana karatu duk daƙiƙa 10 zuwa 30, ɗaya tana yawo, da yamma a cire canjin ta zaune daga ta yawo. Agogonsu ya zama ɗaya, a saita da GPS. In ƙarfin yana hawa nanotesla 100 cikin awa huɗu, saɓanin minti 10 ya ba ka kuskuren nanotesla 4. Ƙa'idar da ake karantawa cewa ta zaune za ta iya nisan kilomita 50 ko 100 ba ta nan ba ce, domin ƙarfin kogin yana faɗuwa da sauri in ka matsa arewa ko kudu. Nisa gabas da yamma ya fi sauƙi. In na'ura ɗaya ce tak, a koma tashar farko duk awa ɗaya, kuma a fi ba sassafe ƙarfi.

A duba ma'aunin Kp, mai nuna tsananin hargitsin maganaɗisu da rana ke jawowa, kafin fita. Daga 0 zuwa 9 yake, duk awa uku, cibiyar GFZ ta Potsdam ke fitarwa. Ya kai 5, a naɗe kaya. Guguwar maganaɗisu ta 10 da 11 ga Mayu 2024 ta kai 9, ƙarfin a ƙasashen ikwaita ya faɗi da ɗaruruwan nanotesla. Ta 13 ga Maris 1989 ita ce ta kashe wutar Quebec awa tara.

Injiniyan Ma'adinai: Haka ne. Awon jirgin sama da aka yi wa Najeriya a shekarun 2000, wanda kamfanin Fugro ya yi wa hukumar binciken ƙasa, tazarar layukansa mita 500 ce, a tsayin mita 80, layukan suna tafiya arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Na shekarun 1970 tazarar kilomita 2 ce a tsayin kusan mita 150. Masu amfani da shi su kula da abu uku. A fayiloli da yawa an cire 33,000 daga kowane karatu, a tabbatar kafin a sake cire IGRF a kai. Girman ɗakin gridi, wato murabba'in da ake raba taswirar bayanan da shi, ya zama ɗaya bisa huɗu ko biyar na tazarar layi, wato mita 100 zuwa 125, wanda ya yi mita 25 ƙirƙira yake yi. Sannan ƙa'ida ita ce tazarar layi kada ta wuce ninki biyu na nisan na'ura daga dutsen. A inda dutse ke waje, 500 ta ninka 80 fiye da sau shida, ƙananan abubuwa tsakanin layuka sun wuce ba a gan su ba. A kwarin Binuwai ko tafkin Chadi, inda tushen dutse ke zurfin kilomitoci, tazarar ta isa har ta yi yawa. Mai son haɗa tsohon awo da sabo kuma, kowanne a cire masa IGRF na shekararsa, in ba haka ba za a ga matakala a mahaɗarsu.

Dattijon Safiyo: Duk wannan gini a kan tashoshin dindindin yake zaune, kuma su ne ba a yabawa. A tasha akwai na'urar fulosget mai auna fuska uku ba tsayawa, amma tana zamewa da zafi da motsin ginshiƙi. Don haka duk mako mutum yakan tsaya da tiyodolait, na'urar auna kusurwa, marar ƙarfe mai ɗan fulosget a kan madubinsa, ya juya har karatu ya zama sifili, a matsayi huɗu don karkata, huɗu don sunkuyo, domin kurakuran na'urar su cinye juna. Arewa ta gaskiya daga wata alama mai nisa ake ɗaukarta, wadda aka tabbatar da kusurwarta da rana ko tauraro ko GPS biyu. Ɗakin ba ƙusa ta ƙarfe, ba rodi, sai tagulla da alminiyam da katako. A Afirka an kafa irinsu a Tamanrasset ta Aljeriya, Mbour ta Senegal, Addis Ababa, Bangui, da Hermanus ta Afirka ta Kudu, wasu daga ciki sun daina aiki. Ku duba tazarar da ke tsakaninsu ku kwatanta da Turai. Maƙiyin tasha shi ne gari ya iso ta.

Mai Duban Sama: Giɓin nan taurarin ɗan'adam ke cikewa, Baba. Magsat a 1979, Ørsted na Denmark a 1999, CHAMP na Jamus daga 2000 zuwa 2010, sai Swarm na hukumar sararin samaniyar Turai, guda uku, da aka harba 22 ga Nuwamba 2013. Biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a sama da su. Na'urorin suna kan dogon hannu na kusan mita 4 don su nisanci lantarkin jikin tauraron, kuma an ɗaure su da kyamarar taurari, domin in ba ka san inda na'urar ke kallo ba karatun fuska uku ba shi da amfani. Masu gina lissafi bayanan dare suke tsinta, a ranakun da Kp ke ƙasa. Amma tauraro yana motsi, ba ya iya bambanta canjin wuri da canjin lokaci shi kaɗai. Tashar ƙasa ce ke raba gardamar.

Matuƙin Jirgi: A wajenmu lambar titin jirgi daga kamfas take. Ana ɗaukar alkiblarsa, a raba da goma, a cike. Babban titin Kano 06/24 ne. In karkata ta yi tafiya har cikewar ta canza, sai a sake fenti da alluna da takardu. Filin Stansted na Ingila ya koma 04/22 daga 05/23 a 2009. Tambayata, me ya sa aka sake WMM a tsakiyar wa'adinsa a Fabrairu 2019?

Mai Lissafi: Kyaftin, ƙarshen arewa na maganaɗisu, inda allura ke sunkuyawa ƙasa tsaye, shi ne ya yi gudu. James Clark Ross ya same shi a arewacin Kanada ranar 1 ga Yuni 1831. Yawancin ƙarni na 20 kilomita 10 zuwa 15 yake yi a shekara. Daga shekarun 1990 ya kai 50 zuwa 60, ya nufi Saiberiya, ya ƙetare layin kwanan wata a 2017, yanzu ya sassauta zuwa wajen 35. Hasashen WMM layi ne miƙaƙƙe: ƙimar yau da canjin shekara, a ninka. Cikin duniya kuwa yakan yi fizga, saurin canjin ya sauya cikin shekara ɗaya, kamar 1969, 1978, 1991 da wajen 2014. Kuskuren ya taru a can arewa har ya wuce iyakar da aka yarda. A yankinmu tasirin wannan gudun ƙanƙane ne.

Ɗalibin Jiyoloji: Ana ta yaɗa cewa duniya na gab da juya kai, arewa ta koma kudu.

Malama Jiyofizik: Juyawar gaskiya ce, ta faru sau ɗaruruwa. Bernard Brunhes ya ga duwatsu masu juyayyen maganaɗisu a Faransa a 1906, Motonori Matuyama na Japan ya danganta su da zamani a 1929, a 1963 Vine da Matthews suka bayyana zanen layi-layi na ƙasan teku da ita. Ta ƙarshe kusan shekara 780,000 da suka wuce. Shekara 41,000 baya an yi wata gajeriya, ƙarfi ya faɗi sosai sannan ya koma yadda yake. Amma ba ta da jadawali, akwai lokacin da aka yi kusan shekara miliyan 40 ba a juya ba. Raunin maganaɗisu na kudancin Atlantika, da ake kafa hujja da shi, gaskiya ne: daga 1970 zuwa 2020 mafi ƙarancinsa ya sauka daga kusan nanotesla 24,000 zuwa 22,000, wani rami na biyu yana fitowa kudu maso yammacin Afirka, taurarin ɗan'adam suna shan wahala in sun ratsa. Duk da haka ƙarfin yau bai gaza matsakaicin na shekaru miliyoyin baya ba, kuma juyawa dubban shekaru take ɗauka.

Yadda aka san na da: rajistar matuƙan jiragen ruwa ta kai mu 1590, Edmond Halley ma ya buga taswirar karkata ta Atlantika tun 1701. Kafin nan sai ƙonanniyar ƙasa da dutse. Yumɓun da aka ƙona ya wuce digiri 580 yana kama alkiblar ranar da ya huce. Tukunya an ɗauke ta daga wurinta, ƙarfi kawai za ta ba ka. Murhu ko matoya ko gindin tandun narka ƙarfe da ba a motsa ba, su ke ba da alkibla. Ana zuba filasta a kai, a daidaita samansa, a ja layin arewa da inuwar rana, ba da kamfas ba, don ƙasar kanta tana jan allura. A dutse ana haƙo 'yan sanduna masu faɗin santimita 2.5. A ɗakin gwaji a yi ta zafafa su mataki-mataki ana aunawa, har tarkacen baya ya fita. Kada a ɗauka a ƙololuwar dutse, tsawa tana sake masa maganaɗisu. An yi irin wannan da ƙonannun daɓen bukkoki da rumbuna a kwarin Limpopo, aka ga alamar raunin kudancin Afirka ya taɓa zuwa ya tafi.

Mai Ginin Masallaci: Allah ya saka da alheri. Mu alƙibla ce damuwarmu. Kamfas ɗin waya ya isa a kafa harsashi da shi?

Dattijon Safiyo: Bai isa ba, Alhaji. Daga Kano alƙibla kusan digiri 68 ce daga arewa ta gaskiya, Makka tana nisan kusan kilomita 3,500, kuskuren digiri ɗaya yana kauce mata da kusan kilomita 60. Karkatar yankinmu ƙarama ce yanzu, ba ita ce matsalar ba. Matsalar rodi ne da kwanon rufi da tulin ƙarfen da ke filin gini, da maganaɗisun lasifikar wayar da na rigarta. Waɗannan suna iya ba da digiri 10 ko fiye. In dole ne, a cire rigar, a kaɗa wayar a iska siffar 8, a fita fili nesa da ƙarfe, a gwada a wurare uku, a duba ko arewa ta gaskiya manhajar ke nunawa ko ta kamfas.

Mafi inganci a bar maganaɗisu gaba ɗaya. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, sai 15 ko 16 ga Yuli da 10:27. A rataya igiya mai nauyi a baki ta tsaya cak, a daidai mintin a ja layi a kan inuwarta, daga ƙarshen inuwar zuwa gindin igiyar ita ce alƙibla. A yi a kan shimfiɗaɗɗen daɓe marar gangara, agogo ya zama na waya. Lokacin damina ne, gajimare na iya rufewa, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta a wannan mintin bambancin bai kai a damu ba. A Ghana a rage awa ɗaya, 9:18 da 9:27.